Kafin ka sayi kayan dafa saison mai hof da yawa

Wannan bayani na masu dafa giya a gida ne, waɗanda addininsu da dokar inda suke zaune suka yarje musu. Saison giyar manoman Waloniya ce, a kudancin Beljiyam, musamman lardin Hainaut. Da can akan dafa ta da hunturu a ajiye, leburorin gona su sha idan zafi ya zo. Har gobe wadda ake gwada sauran da ita ita ce ta gidan Dupont da ke ƙauyen Tourpes, mai ƙarfin kashi 6.5 cikin ɗari, wadda ba ta barin zaƙi a baki ko kaɗan.

Masu sabon hannu sukan zuba kuɗinsu a kan hof, wato furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, su ɗauki kowane yisti suka tarar. Ni kuwa ina ganin an juya abin ne. Ɗan yajin nan mai kama da masoro, da ƙamshin lemo da ke sa a gane saison, daga yisti suke fitowa. To daga nan za ka fara ciniki.

Akwai na ruwa, akwai busasshe. Cikin na ruwa, Wyeast 3724 da White Labs WLP565 su ne ake dangantawa da irin na Dupont, kuma a wajen ɗanɗano ban san wanda ya kamo su ba. Sai dai 3724 yana da halinsa. Yakan fara aiki da ƙarfi, sai ya tsaya cik lokacin da ma'aunin sukari ke wajen 1.035, ya yi kwanaki kamar ya mutu. Bai mutu ba, zafi yake so, yana jure har digiri 35 a ma'aunin Celsius, kuma idan aka ɗumama masa wuri aka yi haƙuri zai ƙarasa. Wanda ke zaune a gari mai zafi, wannan halin alheri ne gare shi, domin yawancin yistin giya suna ɓata ɗanɗano da zarar zafi ya haura digiri 22 ko makamancin haka. Wyeast 3711, wanda ake kira na Faransa, ba shi da wannan gardama: daga digiri 18 zuwa 25 yake aiki, ya cinye sukari kusan kaf. Amma ɗanɗanonsa bai kai na farkon zurfi ba.

Matsalar na ruwa ita ce tafiya. Dole ya kasance cikin sanyi tun daga shago har gidanka, kuma ba ya daɗewa. Idan oda za ka yi daga nesa, ɗauki busasshe: SafAle BE-134 na Fermentis, ko M29 na Mangrove Jack's. Ƙulli ɗaya na kusan giram 11 yakan isa lita 20. Ga mai dafawar farko, busasshen nake zaɓa masa ba tare da wani tunani ba.

Sai hof, inda hanya ta rabu biyu. Na Turai irin su Saaz na ƙasar Cek, da East Kent Goldings na Ingila, da Styrian Goldings na Sulobeniya, ɗacinsu mai laushi ne, ƙamshinsu na ciyawa da fure, suna tafiya da yistin kamar an haife su tare. Na sabuwar duniya kuwa, Citra da Amarillo na Amurka, da Nelson Sauvin na Niyuzilan, ƙamshin mangwaro da lemo da inabi suke kawowa, kuma sinadarin ɗacin da ke cikin Citra ya ninka na Saaz kusan sau uku. A nan ake yin ɓarna. Tun da yistin saison ba ya barin sukarin da zai tare ɗaci, hof ɗin da zai yi daidai a wata giyar, a nan sai ya koma kamar maɗaci. Idan na Amurka kake so, ka rage shi a farkon tafasa, ka zuba mafi yawansa bayan an sauke tukunya, ko bayan giyar ta gama tashi. Giram 50 zuwa 80 a lita 20 ya ishe ni. Wanda na fi so shi ne Saaz a tukunya, Nelson Sauvin a ƙarshe. Kuma ka duba shekarar girbi a jikin ledar, ka tabbata an zuƙe mata iska. Tsohon hof warin cuku yake yi.

Tsiron sha'ir ba ya buƙatar dogon bincike. Kilo huɗu da rabi na irin Pilsner, na Dingemans ko na Weyermann, da rabin kilo na tsiron alkama, a jiƙa a digiri 64 ko 65. Kada ka sayi mai zaƙin karamel.

Abin da ba na so ka yi wa rowa shi ne kwalba. Da yawa daga yistin saison, har da 3711 da BE-134, suna iya farfasa sukarin da sauran yisti ke bari, saboda haka suna ci gaba da aiki a hankali bayan ka ɗauka sun gama. Idan ka yi gaggawar rufewa a kwalba mai sirara, iskar za ta taru ta fasa ta, kuma gilashin yana raunata mutum. Sayi kwalabe masu kauri irin na shamfen, da ma'aunin sukari, kada ka ɗura sai awon ya tsaya wuri ɗaya kwana uku a jere. Bokitin roba da tiyon da wannan yistin ya taɓa, ka ware su domin saison kaɗai.