Sharhina kan mai gyaran da ya gano abin da ke kashe kwamfutar wasana a Katsina

Tun cikin watan Maris kwamfutar teburina ta ɓullo da wani hali. Ina tsakar buga wasan FC 24 ko GTA V, minti ashirin ko talatin, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Amma in YouTube nake kallo ko aikin makaranta, sai ta wuni lafiya ƙalau. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 3600 ce, da katin hoto RTX 3060 da RAM gigabait 16. Ta hannu na saya, da kuɗin da na shekara ina tarawa, don haka abin ya hana ni barci.

Wanda na fara kai wa ko murfinta bai buɗe ba. Ya ce bairos ne, ya yi mata fomatin har sau biyu, na biya, na dawo gida ta ci gaba da mutuwarta.

Wani abokina ne ya kwatanta mini shagon wani bawan Allah a wajen Ƙofar Ƙaura, kuma shi nake so in yi magana a kai. Da na ce ko a sake fomatin, sai ya ce, "Ƙanena, ai ba a ba mara lafiya magani ba a auna shi ba. Zauna mu gani." A gabana ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru da kwamfuta, ya nuna mini saƙon kuskure mai suna Kernel-Power 41 jere reras. Ya ce wannan ba ya faɗin dalili, Windows ce kawai ke shaida cewa ta mutu ba tare da an rufe ta ba. Ya sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin kwamfuta, ya kunna wasa, zafin furosesa ya haura digiri 90, alhali iyakar wannan Ryzen ɗin 95 ce. Da ya kwance murfin, ƙurar hunturu ta yi kamar bargo a kan fankoki. Ya hure ta da bulowa, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da fankarta ya shafa sabo. Zafi ya sauko saba'in da 'yan kai.

Ni har na miƙe zan biya, ya ce a'a, bai gamsu ba. Ya bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM, ba kuskure ko ɗaya. Washegari ya sake kunna wasan, sai ga ta ta mutu. A nan ne na san na faɗa hannun mai sana'a, don da wani ne da tuni ya sallame ni da rabin gyara. Ya cire fawa saflai ɗina, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ya jona nasa na gwaji, aka yi awa uku ko gezau. Nawa an rubuta masa wat 650, amma ba suna sananne a jikinsa, kuma da ya ɗora mini a hannu sakayau yake. RTX 3060 kaɗai yana jan wat 170, kuma Nvidia ta ce a haɗa shi da mai wat 550 na gaske. A kallon bidiyo katin ba ya shan wuta sosai. Da wasa ya ɗau zafi sai ya ja da ƙarfi, layin bolt 12 ya kasa ɗauka, komai ya ɗauke. Muka yi odar sabon fawa saflai daga Kano, mai tambarin 80 Plus Bronze, wato shaidar an gwada shi ba ya ɓarnar wuta sosai.

Inda ban ji daɗi ba: kwana huɗu ta yi a wurinsa, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki, sai ka tako da ƙafarka. Rasit ma sai da na tambaya. Kuɗin aikinsa naira 8,000, ban da kuɗin kaya, kuma ban ga ya yi yawa ba.

Da zan tafi ya ce in ɗauke ta daga ƙasa in ɗora kan tebur, in riƙa hure ta duk wata biyu, in kuma nemi UPS, na'urar batir mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, saboda sauyawa tsakanin wutar gari da janareta. Na ce, "Na gode, Malam," ya miƙo mini tsohon fawa saflai ɗin a leda, ya ce kada in sayar wa kowa. Mako uku ke nan, har da ranakun zafin nan na Afrilu da la'asar, ba ta sake mutuwa ba.