Sharhina kan Too Good To Go da cin abincin waje da arha a Ingila

Ƙanin wani abokina ne ya samu gurbin karatu zai taho Ingila, ya turo min saƙo yana tambaya wai nawa mutum ke kashewa a abinci duk wata. Na fara amsa masa sai naga abun yana ta tsawo, shine nace bari kawai in rubuta shi gaba ɗaya duk mai shirin tahowa ya amfana. Ni a Manchester nake, digiri na biyu ya kawo ni, kuma na haura shekara ina amfani da wannan manhaja ta Too Good To Go, dan haka abun da na gani da idona zan faɗa.

Da farko dai ku gane halin da ake ciki. Ɗalibi awa 20 kacal doka ta yarda ya yi aiki a sati lokacin da ake karatu, daga ciki zaka biya haya, ka biya wuta da gas, ka hau bas, ga 'yan gida suna jiran ɗan abun da zaka tura. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 abun ya ƙara rikicewa, a farkon 2024 fam ɗaya sai da ya haura naira 2,000, toh kaga duk wanda daga gida ake turo masa kuɗi in ya ci abincin fam goma zuciyarsa lissafin dubu ashirin take yi. Nasan za a ce ai sai ka dafa da kanka, eh gaskiya ne girki yafi komai arha kuma ina yi, ranar Lahadi nake haɗa miya tukunya guda in rarraba a roba in sa a firiza. Amma duk wanda ya taɓa tashi daga aji ƙarfe biyar ya wuce aiki ya dawo sha ɗayan dare cikin ruwan Manchester da baya ƙarewa ya san akwai ranar da ko ruwan zafi bazaka iya dafawa ba. Irin waɗannan ranakun ne ke cinye kuɗin mutum, ba ranakun da yake da natsuwa ba.

Ita Too Good To Go a Denmark aka ƙirƙiro ta a 2015, ta shigo Birtaniya a 2016. Yadda take aiki shine shagunan abinci in sun kusa tashi suna da ragowar abun da basu sayar ba, maimakon su zubar sai su haɗa a jaka su sa a manhajar a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na asalin kuɗinsa. Zaka biya ta waya, a baka lokacin da zaka je ka karɓa, wani rabin awa wani awa guda, in kaje ka nuna musu wayarka ka ja alamar a gabansu su miƙo maka jakarka. Ba saura bane na wanda wani ya ci ya rage, a'a, kayan da ke kan kanta ne da ba a saya ba. Na faɗi haka ne dan da na fara gaya wa Hajiyarmu a waya shiru ta yi kafin tace “yanzu ɗan nan ragowar Turawa kake ci?” sai da na ɗauki hoto na tura mata tukunna hankalinta ya kwanta. Manyan shaguna masu rassa da yawa suna ciki, Greggs, Costa, Pret A Manger, Caffè Nero, YO! Sushi, har da kantuna irin su Morrisons da Aldi, ga kuma ƙananan gidajen abinci na unguwa. Yawancin jakunkunan da na saya tsakanin fam uku ne zuwa biyar.

Toh ga inda gizo ke saƙar, baka zaɓar abun da ke ciki. Su da kansu jakar ba-zata suke kiranta. Ga Bature wannan wani nishaɗi ne, ga Musulmi kuwa nan ne arhar take iya zama asara. Satina na biyu da fara amfani da ita na sayi jaka a wani shagon gashe-gashen fulawa a tsakiyar gari, na taka kusan minti ashirin a sanyi, na dawo ɗaki na buɗe, abu bakwai ne a ciki biyar duk da naman alade, sanwici biyu masu naman da kuma irin naɗaɗɗiyar fulawar nan mai tsiran alade a ciki. Donot biyu kawai na iya ci. Wallahi ranar raina ya sosu ba dan fam ukun ba, dan yunwar da na taho da ita da kuma ganin abinci a gabana wanda ba nawa ba. Wani maƙwabcina ɗan Poland na ƙwanƙwasa wa ƙofa na bashi, ni kuma na jiƙa garin kwaki na kwanta. Ba wanda ya cuce ni, tun farko a rubuce yake cewa komai na iya fitowa, nine ban san garin ba.

Daga nan na canja salo, kuma wannan shine abun da nake so sabon zuwa ya riƙe. Kafin ka biya, ka san abun da shagon ke sayarwa da rana, dan shi zai rage da dare. Greggs misali, shago ne da ya samo asali daga yankin Newcastle, yanzu rassansa sun haura 2,000, kusan kowane lungu akwai shi kuma yana da arha, amma namansa ba halal bane kuma abun da yafi shahara da shi na alade ne. In zan ci a can gara in shiga da rana in nuna da hannuna, akwai mai cuku da albasa, akwai wanda suka fito da shi a 2019 na marasa cin nama wanda ba nama ko kaɗan a ciki, da zafinsa da shayi yana tare yunwa sosai. Manhajarsu ta kansu tana bada tambari, in ka sayi abu iri ɗaya sau tara na goma kyauta ne. Amma jakar ba-zata a wajen da rabin kanta alade ne, ni dai na daina.

Inda na ci riba sosai wurare uku ne. Na ɗaya shagunan kofi, su mafi yawan ragowarsu kek ne da burodi da kayan fulawa, ko da an haɗo da sanwici mai nama ɗaya ko biyu sauran sun isa su biya kuɗinka, kuma sanwicinsu a naɗe yake da takardar da ta lissafo abun da ke ciki, zaka ga na kifin tuna ko na ƙwai ko na cuku. Na biyu jakar manyan kantuna, wannan kam ita ce uwa, akwai ranar da na samu dankalin Turawa, albasa, tattasai, ayaba, burodi biyu da yogot a ƙasa da fam huɗu, tattasan ya ɗan fara laushi amma na markaɗa shi a daren na yi miya da ta kai ni kwana huɗu. Na uku kuma gidajen abincin halal na Wilmslow Road a Rusholme, inda ake kira Curry Mile, da wajen Longsight da Cheetham Hill inda 'yan Pakistan da Larabawa da Kurdawa suke da yawa. Wasunsu suna sa jaka, in ka dace zaka samu shinkafa da kaza da gurasarsu cike da roba har ka rage na gobe. Matsalarsu ɗaya saurin ƙarewa, sai ka sa musu alamar zuciya a manhajar ka lura da lokacin da suke sakin jakar, in ka yi jinkirin minti biyar wani ya riga ka.

Akwai wajen tacewa a manhajar da zaka zaɓi abincin marasa cin nama, yana taimakawa amma shagunan da ke fitowa ba su da yawa. Kuma in kaje karɓa da wuri ka yi magana da ladabi kace baka cin alade, wasu ma'aikatan suna canja maka in basu riga sun ɗaure jakar ba, wasu kuma suce ba dama. Ba dolensu bane, kar ka ɗaga murya, yawancinsu 'yan uwanka ne baƙi masu neman na kansu.

Da azumi ne na fi jin daɗinta. Azumin 2025 a watan Maris ya faɗo, ana shan ruwa wajen ƙarfe shida, lokacin karɓar jakunkuna da yawa kuma yana kamawa daga yamma zuwa dare, sai ya zama in na fito daga tarawi ko kafin in shiga na biya na karɓa, sahur ya samu kenan. Mu huɗu ne a gidan, biyu 'yan Najeriya, ɗaya ɗan Sudan, ɗaya ɗan Bangladesh, kowa ya kama jaka ɗaya a shago daban mu zube a tebur mu raba. Wannan dabarar ta haɗa kai tafi komai, dan abun da wani baya so wani na so.

Abun da bana so kuwa, wani lokacin shago yana soke jakar dab da lokacin karɓa in kayansu sun ƙare. Kuɗinka zai dawo ba gardama, amma sau biyu ina kan hanya saƙon ya shigo, sau ɗaya ma na riga na biya fam biyu na bas. Kai ma kana iya sokewa amma sai da sauran awa biyu kafin lokacin, in ka makara ka rasa. Sai kuma lissafin nisa, jakar fam uku da zaka hau bas zuwa da dawowa ta zama ta fam bakwai, ni yanzu in ba a kan hanyata ta makaranta ko ta aiki shagon yake ba bana ko kallonsa. Sannan kayan zaƙi sun yi yawa a ciki, akwai watan da naga kullum kek da donot nake ci dan kawai suna da arha, jikina ya fara gaya min, sai na rage zuwa sau biyu a sati.

Bari in taɓo na zama a ci, dan mutum ba zai rayu a kan jaka ba, wata rana kana so ka zauna kamar kowa. Ni Nando's nake zuwa, asalinsu daga Johannesburg ne a Afirka ta Kudu a 1987, kuma gasasshiyar kazarsu mai yaji ita ce tafi kusa da abun da harshenmu ya saba. Ba duk rassansu ne halal ba, wasu ne, a shafinsu suna nunawa, haka ma KFC wasu rassan ne kawai, McDonald's na nan kuwa namansu ba halal bane gaba ɗaya. A duba kafin a je. Sannan ita kanta shaidar halal ɗin iri-iri ce, cikin ƙungiyoyin da ke bada ita HMC basa yarda da sumar da dabba kafin yanka, HFA sun yarda da shi bisa sharaɗi, wannan kowa ya tambayi malaminsa ya bi abun da ya natsu da shi, kuma Nando's suna sayar da giya ga wanda hakan ke damunsa. Katinsu na lada yana da kyau, duk zuwan da ka kashe fam bakwai ko fiye zaka samu tambarin barkono ɗaya, uku su baka ƙaramin abu kamar kwatan kaza, shida rabin kaza, goma kuma babban. In mu uku muka je bama yin odar kowa da farantinsa, kaza guda muke saya da manyan mahaɗi biyu mu raba, yafi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ruwa kuma kar ka saya. Duk wajen da ke da lasisin sayar da giya a Ingila doka ta wajabta masa baka ruwan famfo kyauta in ka nema, kuma ruwan mai kyau ne, amma sai ka ce na famfo kake so, in kace ruwa kawai na kwalba za a kawo maka a saka a lissafi. Haka in mai kanta ya tambaye ka a nan zaka ci ko tafiya zaka yi da shi, ba gaisuwa yake maka ba, abinci mai sanyi irin sanwici in a ciki zaka zauna ana ɗora harajin kashi 20, in fita zaka yi da shi babu, shi yasa zaka ga farashi biyu a jikin kanta. A wasu gidajen abincin kuma zaka ga an ƙara kashi 10 ko 12.5 na hidima a rasit, ka dinga karantawa kafin ka miƙa kati. Katin ɗalibi ma kar a bar shi a gida, a yi rajistar UNiDAYS da Student Beans, manhajojin rangwamen ɗalibai, da imel ɗin makaranta, kyauta ne, kafin ka shiga ko'ina ka leƙa ko suna da rangwame.

Wanda yafi cin kuɗin sabon zuwa dai shine odar kawowa gida, Deliveroo, Uber Eats da Just Eat. Da farko za su yi ta turo maka rangwame ka saba, bayan nan abincin da kansa sau da yawa yafi tsada a manhaja fiye da cikin shago, ga kuɗin kawowa ga na hidima. Watana na farko da na duba asusun banki na ga abun da ya tafi a nan sai da na zauna na yi shiru, kuɗin ya isa a sayi buhun shinkafa babba da mai da kaji a shagon 'yan Pakistan. Na goge su daga wayata ranar, in ina son abu na saka jaket in taka in karɓo.

In za a ce in bata maki, Too Good To Go huɗu zan bata cikin biyar, ɗayan na riƙe shi har ranar da za su saka wajen tace halal yadda suka saka na marasa cin nama. Shi kuma ƙanin abokin nawa nace masa ranar da ya sauka kar ya sayi komai a filin jirgi, ya taho da yajinsa da kuka da daddawa a naɗe da kyau, banda kilishi dan ba a shigo da nama daga Najeriya, sauran in ya iso zan zaga da shi Wilmslow Road in nuna masa shagunan da nake kamawa da ƙarfe nawa suke sakin jaka.