Sharhi a kan tarin The West Wing: inda alƙalamin Aaron Sorkin ya fi kaifi

Kamfanin Warner ya tattara dukkan zango bakwai na shirin The West Wing a faifan DVD, kuma mai son kallonsa zai iya samunsa a wasu dandalin kallo na intanet. Tashar NBC ta Amurka ce ta fara nuna shi ranar 22 ga Satumba 1999, ya ci gaba har zuwa watan Mayu na 2006. Hukuncina a kan tarin shi ne ya cancanci kuɗinsa da lokacin da za a ba shi, amma darajarsa ta taru ne a zango huɗu na farko, domin a cikinsu ne Aaron Sorkin, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya rubuta kusan kowane kashi da hannunsa, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci tare da abokan aiki. A waɗannan shekaru huɗu, daga 2000 zuwa 2003, shirin ya lashe Emmy, babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka, a rukunin wasan kwaikwayo mafi kyau sau huɗu a jere, kuma zangon farko kaɗai ya kwashi lambobi 9.

Labarin yana gudana ne a ɓangaren ofisoshi na fadar White House, a zamanin wani ƙagaggen shugaban ƙasa ɗan jam'iyyar Democrat mai suna Josiah Bartlet, wanda Martin Sheen ya fito a matsayinsa. Kewaye da shi akwai shugaban ma'aikatan fadar Leo McGarry, da mataimakinsa Josh Lyman, da daraktan sadarwa Toby Ziegler, da Sam Seaborn mai rubuta jawabai, da mai magana da yawun fadar C.J. Cregg. An san Sorkin da zance mai gudu, inda mutum biyu za su taso daga ofis suna gardama a kan kasafin kuɗi, su ratsa baranda uku, na uku ya shigo musu, na farko ya fice, ba tare da kyamara ta tsaya ba. Mai ba da umarni Thomas Schlamme ne ya mayar da wannan tafiya da magana ta zama alamar shirin. Kowa a cikin wannan fada yana da amsa a bakinsa, kuma wannan ne ya sa wasu masu kallo suke gajiya da shi. Abin da na lura da shi kuwa shi ne sassan da suka fi zama a zuciya su ne waɗanda waɗannan gwanayen magana suka ci karo da abin da baki ba zai iya gyarawa ba, wato mutuwa, da rashin lafiya, da cin amana, da alhakin jinin wani.

Kashi na 10 a zangon farko, mai suna In Excelsis Deo, wanda aka nuna a Disamba 1999, shi ne wurin da wannan ya fara bayyana sarai. 'Yan sandan birnin Washington sun kira Toby da sassafe domin an tsinci gawar wani mutum marar matsuguni a kan benci, sanye da kwat da Toby ya taɓa bayarwa sadaka, kuma katinsa na ofis yana cikin aljihun. Daga zanen da ke damtsen mamacin Toby ya gane tsohon soja ne da ya yi yaƙin Koriya. Ba wanda ya ɗora masa alhakin gawar, amma ya bi diddigi har ƙarƙashin gadar da marasa galihu suke kwana, ya gano ɗan'uwan mamacin, sannan ya yi amfani da sunan shugaban ƙasa ba da izini ba ya shirya masa jana'izar soja a maƙabartar Arlington. Da Bartlet ya kira shi yana faɗa, yana cewa idan aka buɗe wannan ƙofa duk tsoffin sojojin da ke kwana a titi za su fito neman haƙƙinsu, Toby ya amsa da gajeriyar magana cewa fatansa ke nan. Mutumin da ya saba zuba hujja goma a kan ƙaramin abu ya taƙaita a nan, kuma taƙaitawar ce ta ba wurin nauyi. A cikin kashin ne kuma dattijuwar sakatariyar shugaban, Misis Landingham, ta bayyana cikin natsuwa cewa 'ya'yanta tagwaye sun mutu rana ɗaya a yaƙin Vietnam, sannan ta ɗauki kwat ɗinta ta bi Toby maƙabarta. Richard Schiff ya samu Emmy a matsayin Toby, rubutun kuma ya samu tasa. Adalci ne a ambaci cewa Sorkin ya raba wannan lambar da Rick Cleveland, wanda mahaifinsa tsohon sojan yaƙin Koriya ne da ya ƙare rayuwarsa cikin rashin matsuguni, kuma an yi saɓani a bainar jama'a a kan rabon kowa a rubutun kafin Sorkin ya nemi afuwa.

Zango na biyu shi ne ƙololuwar aikin. An rufe zangon farko da harbin bindiga a kan ayarin shugaban a Rosslyn da ke jihar Virginia, inda wasu masu aƙidar fifita farar fata suka nufi Charlie Young, matashi baƙar fata mai yi wa shugaban hidima, saboda yana neman 'yarsa. Josh ya samu mummunan rauni, aka yi masa tiyata ya tashi, kowa ya ɗauka magana ta wuce. Kashin Noël ya dawo da ita bayan watanni. An zaunar da Josh a ɗaki guda da likitan ƙwaƙwalwa, yana ta zille wa tambayoyi da wayo da ba'a, yana cewa kofin gilashi ne ya yanke masa hannu, har likitan ya kai shi ga amincewa cewa taga ya nausa da hannunsa, kuma duk sanda ya ji kiɗa, jiniyar motocin asibiti na daren harbin yake ji. Abin da ya ɗaga kashin shi ne abin da Leo ya yi a ƙarshe. Shi da ya yi fama da shaye-shaye ya tsira, ya jira Josh a waje ya ba shi labarin mutumin da ya faɗa rami: likita ya wuce ya jefa masa takardar magani, limamin coci ya wuce ya jefa masa addu'a, sai abokinsa ya zo ya dira cikin ramin, domin ya taɓa faɗawa kuma ya san hanyar fita. Bradley Whitford ya karɓi Emmy a 2001 a matsayin Josh, kuma ban ga wanda zai kalli wannan kashi ya yi jayayya ba.

A ganina kashin da ya fi kowanne nuna gwanintar ginin labari shi ne 17 People. Babu fita waje, babu taron jama'a, kusan komai a ɗakuna biyu ko uku na fadar ya faru cikin dare ɗaya. Ya buɗe da Toby zaune a ofis dare bayan dare yana jifan bango da ƙwallon roba, yana auna dalilin da ya sa mataimakin shugaban ƙasa, John Hoynes, yake motsi irin na wanda ya san kujerar za ta zama ba kowa. Da ya matsa, sai aka shigar da shi ofishin shugaban, Bartlet ya gaya masa cewa yana ɗauke da cutar jijiyoyi da ake kira MS tun kafin zaɓe, kuma ya ɓoye wa masu jefa ƙuri'a. Mai kallo ya riga ya san wannan sirri tun zangon farko, har ya saba da shi ya daina ganin girmansa. Sorkin ya yi amfani da fushin Toby ya tilasta mana sake auna shi. Toby ya tuna wa shugaban daren harbin, lokacin da aka yi masa allurar barci domin tiyata ba tare da ya sa hannu a takardar miƙa mulki ba, ya tambaye shi wa ya riƙe ƙasar a waɗannan sa'o'i. Amsar ita ce Leo, mutumin da ba wanda ya zaɓa, kuma Toby ya kira abin da sunan juyin mulki. Bartlet ya harzuƙa domin yana jiran a fara tambayarsa lafiyar jikinsa. Dukansu biyu suna da hujja, marubucin kuma bai sassauta wa kowa ba. A ɗaki na kusa sauran ma'aikata suna ta ƙoƙarin saka barkwanci a jawabin da shugaban zai yi a liyafar 'yan jarida, ba su san abin da ke tafe musu ba.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa Two Cathedrals, kashin rufe zangon, wanda aka nuna ranar 16 ga Mayu 2001, kuma shi ne mafi yawan masu sharhi suke ɗorawa a sama. Misis Landingham ta mutu a hatsari, wani direba da ya sha giya ya buge sabuwar motar da ta sayo a ranar, kuma jana'izarta ta faɗo a ranar da shugaban zai bayyana cutarsa ga duniya ya kuma faɗi ko zai nemi wa'adi na biyu. Ana yanka labarin da waiwaye zuwa ƙuruciyar Bartlet a makarantar da mahaifinsa yake shugabanta, inda matar, a lokacin tana sabuwar sakatariya, ta matsa masa ya yi magana a kan yadda ake biyan mata ma'aikata ƙasa da maza, ta kuma gano cewa idan ya yanke shawara yakan zuba hannu a aljihu, ya kau da kai, ya yi murmushi. Bayan an watse daga jana'izar ya sa aka rufe ƙofofin babbar majami'ar Washington, ya tsaya shi kaɗai yana kai ƙarar Ubangiji a gaban Ubangiji da kalamai masu zafi, wasu da Turanci wasu da Latin da aka bari ba fassara. Mai imani zai ji wannan wuri ya yi masa nauyi, kuma ina ganin ya dace a san da shi kafin a kalla. Sai dai shirin bai gabatar da shi a matsayin abin koyi ba. Mutum ne mai riƙo da addini da baƙin ciki ya rinjaya, kuma cikin sa'o'i kaɗan, da ya tuna muryar marigayiyar tana sa shi ya lissafa mata yaran da ke cikin talauci da aikin da bai ƙare ba, ya gane cewa yana fakewa da rashin ne domin ya gudu. A taron manema labarai an shirya masa ɗan jaridar da zai fara kira domin ya yi tambaya mai sauƙi a kan lafiya, sai ya tsallake shi ya kira wata da ta tambaye shi kai tsaye ko zai sake tsayawa. Bai amsa da baki ba, hannunsa ya shiga aljihu, aka rufe zangon. Marubucin da aka sani da yawan magana ya amince wa mai kallo ya karanta amsar da kansa.

A zango na uku, kashin Bartlet for America ya ba John Spencer, wanda ya fito a matsayin Leo, filin da ya kai shi ga Emmy a 2002, inda Leo yake amsa tambayoyin kwamitin majalisa yana tsoron a tono daren da ya koma shan giya a lokacin yaƙin neman zaɓe. Posse Comitatus kuma ya nuna shugaban yana ba da umarnin kashe ministan tsaron wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Qumar a asirce, yana sane da cewa doka ba ta tare da shi.

Wannan ya kawo ni ga raunin tarin, wanda ba ƙarami ba ne. Idan Sorkin ya fita daga Amurka, hannunsa yakan yi sanyi. Qumar ta tattara duk abin da Ba'amurke yake tsoro game da ƙasashen Larabawa a wuri guda, ba tare da mutum ɗaya daga cikinta ya samu zurfin da aka ba ƙaramin ma'aikacin fadar ba. Isaac and Ishmael, wanda aka rubuta aka ɗauka cikin gaggawa aka nuna ranar 3 ga Oktoba 2001 bayan harin 11 ga Satumba, yana da kyakkyawar niyya, domin ya raba tsakanin Musulunci da 'yan ta'adda, ya kuma nuna Leo yana neman gafarar wani ma'aikaci Musulmi da ya zarga bisa kuskure. Duk da haka lacca ce aka rarraba wa 'yan wasa, kowa ya shigo ya karanta rabonsa ga ɗaliban sakandare ya fita. Afirka ma ta wata ƙagaggiyar ƙasa aka shigo da ita, Equatorial Kundu. A kashin In This White House, ɗan wasan Afirka ta Kudu Zakes Mokae ya fito a matsayin Shugaba Nimbala, wanda ya zo neman a rage farashin maganin cutar ƙanjamau daga kamfanonin magunguna, aka yi masa juyin mulki yana can, ya ƙi tayin mafaka ya koma gida aka harbe shi a filin jirgi. Mokae ya ba mutumin mutunci da kwarjini, amma rubutun ya fi damuwa da yadda mutuwarsa ta taɓa ma'aikatan fadar fiye da ƙasar da ya koma dominta.

Ga mai shirin saye ko kallo, shawarata ita ce ya kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, domin saurin maganar da yawan ambaton majalisa da kotu da dokokin Amurka suna iya kuɓuce wa ko wanda Turancinsa ya nuna. Kada kuma ya tsinci waɗannan sassa ɗaya-ɗaya kamar yadda na jero su, domin 17 People da Two Cathedrals ba za su yi tasiri ba sai ga wanda ya zauna da mutanen tun farko. Kowane kashi bai wuce minti arba'in da 'yan kai ba. Sorkin ya bar shirin a 2003 da kashin Twenty Five, inda aka sace 'yar shugaban, shi kuma ya yi amfani da gyara na 25 na kundin tsarin mulki ya miƙa mulki na wucin gadi ga kakakin majalisar wakilai, ɗan jam'iyyar adawa, wanda John Goodman ya fito a matsayinsa. Wasu marubuta ne ƙarƙashin furodusa John Wells suka warware wannan ƙulli a zango na biyar, kuma mai kallo zai ji sauyin murya tun daga kashin farko, ko da yake yaƙin neman zaɓen da ya mamaye zango na shida da na bakwai ya dawo wa shirin da wani ƙarfi nasa na daban.