Ƙananan Motocin Katako: Abin Lura Kafin a Saya

Mai sha'awar tara ƙananan motocin tsere na da, waɗanda aka yi da katako, zai tarar da iri biyu a kasuwa. Akwai wadda masassaƙi ya fitar daga dunƙulallen itace da hannunsa, akwai kuma wadda na'urar leza ta yanka daga fale-falen katako, a zuba a kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa, irin waɗanda kamfanin Ugears na ƙasar Yukren yake yi. Ta biyun ta fi araha, kuma sau da yawa tayoyinta da sitiyarinta suna motsi, amma a ganina wanda yake neman ainihin surar motar, sassaƙar hannu ce ta dace da shi.

Dalili shi ne, kyan waɗannan motoci yana cikin lanƙwasar jikinsu. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a 1961, an san ta da dogon gaba mai santsi, haka ma Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 kacal aka ƙera daga 1962 zuwa 1964. Shimfiɗaɗɗen katako ba ya iya fitar da irin wannan lanƙwasa, sai an bi itace da wuƙar sassaƙa da magogi a hankali har gefen dama ya yi daidai da na hagu. Saboda haka a nemi mai sayarwa ya nuna hoton motar daga gaba da kuma daga sama, domin nan ne karkata take bayyana. Idan kuwa Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 ce, mai ƙofofin da ke buɗewa sama, a tabbatar maƙalan ƙofofin na ƙarfe ne, don na katako ba sa jure yawan buɗewa.

Game da girma, E-Type a ma'aunin 1:43, wato an rage girman motar ta gaske sau 43, ba ta wuce santimita 10 da 'yan kai ba, kuma a wannan ƙanƙanta itace ba ya ɗaukar ƙananan sassa kamar wayoyin taya. A 1:18 tana kaiwa kusan santimita 25, wanda shi ne na fi ba da shawara, ita kuwa 1:8 ta haura rabin mita, sai mai faffaɗan wuri da kuɗi.

Sai batun itacen kansa. Balsa, wani itace mara nauyi, yana da sauƙin sassaƙa amma farce ma yana lotsa shi, mahogani kuwa, dangin maɗacin da muka sani, yana da ƙarfi da launi mai kyau wanda ba ya buƙatar fenti. Fenti mai kauri yakan ɓoye tsaga da ciko, shi ya sa na fi amincewa da wadda aka shafa wa mai ko kakin zuma kawai. Wajibi ne a tambayi mai sayarwa ko an busar da itacen sosai kafin a sassaƙa shi, domin motar da aka yi a ƙasa mai laima tana iya tsagewa idan ta haɗu da busasshiyar iskar hunturu. A tanadar mata akwatin gilashi, a ajiye nesa da taga da hasken rana.