Honda Wave 110i a ƙauyukan Tailan: ribarsa da wahalarsa ga baƙon da ya zo zama

Baƙon da ya tare a wani ƙauyen Isan, wato arewa maso gabashin Tailan, ba ya cika mako guda bai gane cewa ƙafa kaɗai ba za ta fisshe shi ba. Kasuwa, banki, asibiti da gidan waya duk suna garin gunduma, ofishin shige da fice kuma yana can babban birnin lardi. Motar haya mai benci biyu a baya, wadda suke kira songthaew, a wasu ƙauyukan sau ɗaya ko biyu take bi da safe, wasu ma ta daina zuwa. In mutum Musulmi ne, ga ƙarin tafiya: naman halal da masallacin Juma'a sai a birane irin su Khon Kaen ko Udon Thani. Saboda haka kafin firji, kafin na'urar sanyaya ɗaki, babur ake fara saye. Wanda kuma ya cika ƙarƙashin gidajen ƙauye shi ne Honda Wave 110i.

Duk wanda ya san roba-roba a Kano ko Maraɗi ya san fasalinsa. Inji ne mai cc 109, iska ke sanyaya shi, giya huɗu ba kuloci a hannu, tayoyi masu inci 17, nauyinsa wajen kilo 100. Abin da ya raba shi da roba-robar da aka saba ita ce hanyar shan mai: tun 2009 aka cire masa kafireta aka sa injekta, shi ne ma'anar harafin da ke ƙarshen sunan. A 2024, sabo yana kamawa daga wajen baht (kuɗin Tailan) 37,000 zuwa 47,000, gwargwadon samfuri. Na ƙasa sai an buga da ƙafa, birkinsa gaba da baya na ganga ne. Na sama yana da maɓallin tayarwa da birkin faifai a gaba. A ƙara kuɗin a ɗauki mai faifai. Ranar da kare ya faɗo titi za a san amfaninsa.

Kamfanin yana cewa lita ɗaya tana yin fiye da kilomita 70. A hanyar ƙauye, da goyo da kaya, a sa ran 50 zuwa 60, kuma wannan ma ba abin rainawa ba ne. Tsofaffin samfura tankinsu lita 3.7 ne, na baya-bayan nan lita 5.

Amma ba don ƙarancin shan mai ya cancanci a saye shi ba. Dalilin shi ne babu ƙauyen da za ka shiga ka rasa wanda ya iya kwance shi ya ɗaura. Bakanike a can ana ce masa chang, kuma galibi a ƙarƙashin gidansa yake aiki, da tsohuwar taya da aka shafa wa farin fenti a rataye bakin titi a matsayin alama. Tiyub, fulogi, takalmin birki, sarƙa da haƙoranta, wayar birki, duk suna rataye a bangonsa. Baƙon da bai iya yaren ba zai tura babur, ya nuna da yatsa, a gama masa kafin ya shanye ruwan da aka miƙo masa. Wanda ya sayi babban babur na ƙasar waje, in ya tsaya masa, sai ya nemi a-kori-kura ta kai shi birni, ya jira kayan gyara mako biyu. Ga wanda harshensa bai faɗa ba, wannan bambancin ya fi duk wani ƙarfin inji.

Kalmomi uku sun isa a fara da su. Pa yang, a yi faci. Tem thang, a cika tanki. Plian namman khrueang, a canza baƙin mai.

Masu shakkar giya su duba Honda Click ko Scoopy, waɗanda totur kawai ake murɗawa. Sun fi daɗi a gari. Sai dai tayoyinsu ƙanana ne, suna faɗawa rami da ƙarfi, kuma bel ɗinsu ba ya son ƙura da laka. Yamaha Finn kishiyar Wave ce ta gaskiya, ba ta da wani aibu, illa dai kayan gyaranta ba su kai na Honda yawa a lungu ba. Giyar Wave kuwa ba ta wuce koyon yini ɗaya: a saki totur, a taka gaba don hawa, a taka baya da dunduniya don sauka. Kuskuren sabon hannu shi ne taka giya ta ɗaya alhali totur na murɗe, babur ya zabura ya ɗaga kai.

Abin da ya fi lalacewa shi ne tayar baya. Mai rim na waya da tiyub yake aiki, kuma yawancin facin da ake yi ba ƙusa ce ta jawo shi ba, ƙarancin iska ne. Idan iska ta yi ƙasa aka hau gargada da goyo, rim yana cizon tiyub ya yi masa huda biyu gefe da gefe, ko kuma tiyub ya zame ya tsinke daga gindin bawul, wanda ba ya facuwa. A riƙe iska psi 29 a gaba, 33 a baya, a duba duk mako. A sayi ma'auni na aljihu, domin masu faci da yawa da babban yatsa suke gwadawa, kuma sukan cika har taya ta yi tauri kamar dutse, ta riƙa santsi a kan tsakuwa. Faci kuɗinsa bai kai baht 100 ba. Tiyub ɗin da aka yi wa faci biyu a jefar da shi. Mai jiki kuma ya sa a ɗaure masa wayoyin rim lokaci-lokaci: ɗaya in ta saki, maƙwabtanta ke bi, sai taya ta fara rawa.

Na biyu shi ne mai. Gidajen mai suna sayar da Gasohol, wato fetur gauraye da ethanol, 91, 95 da E20, kuma babur yana shan dukkansu. A cikin ƙauye kuwa za ka ga fetur a kwalaben giya jere a kan katako a gaban shago, ko ɗan famfo mai karɓar tsaba. Ya fi tsada, kuma ba ka san kwanan da ya yi a rana ba. Gasohol yana da sinadarin da ke jawo danshi, ruwa ya taru a ƙasan tanki, datti ya toshe matatar famfon mai, sai ka ji babur yana shaƙewa in an murɗa. A sayi na kwalba don fita kunya kawai. Kada kuma a saba tafiya da tanki a ƙarshe, domin famfon a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Wanda zai yi tafiya gida na wata uku ko huɗu, ya bar wa wani amintacce makulli ya riƙa zagayawa da shi duk mako. In ba haka ba zai dawo ya tarar da batir ya mutu, mai ya yi tsami, tururuwa ko ɓera sun yi gida a akwatin iska.

Baƙin mai lita 0.8 yake ɗauka, 10W-30, mai alamar MA a jikin gora. Wannan alamar ba ado ba ce. Kulocin Wave a cikin mai yake wanka, in aka zuba masa na mota ko na babur mai bel, wanda ke da alamar MB, kuloci zai fara zamewa, inji na ihu babur ba ya tafiya. Canjin farko a kilomita 1,000. Bayan nan, a hanyar jan ƙasa, duk 3,000 ya fi kwanciyar hankali ko da littafin ya ba da rata fiye da haka. Aikin duka wajen baht 150 ne. Matatar iska irin mai maiƙo ce, ba a wanke ta, ba a hura mata iska, canzawa ake yi. Da yawa suna hura ta da kyakkyawar niyya, su buɗe wa ƙura hanya zuwa cikin inji. Murfin sarƙa da samari ke cirewa don gayu a bar shi a wurinsa. Ta ɗan ramin da ke jikinsa ake duba sarƙar, ta yi lilo kamar inci ɗaya. Ta wuce haka za ta riƙa dukan murfi, ta gaza haka za ta ci haƙora.

Inda baƙi suka fi faɗawa rami shi ne takarda. Kowane babur yana da koren littafi, lem khiao, mai ɗauke da sunan mai shi da lambar inji da ta jiki. Baƙo yana iya sa sunansa a ciki, da fasfo da shaidar mazauni daga ofishin shige da fice, ko kuma rawayan littafin gida da ofishin gunduma ke bai wa baƙi. Da yawa suna barin sunan mata ko suruki don gudun zirga-zirga. Ya fi sauƙi, amma a san cewa a idon hukuma babur na mai sunan ne. Na hannu kuwa, in babu koren littafi kada a saya, komai arharsa. Sau da yawa littafin yana hannun kamfanin da ya ba da bashi, ba a gama biya ba. A tsugunna a karanta lambar jiki a gwada da ta littafi, sannan a tafi ofishin sufuri tare da mai sayarwa a canza suna a ranar.

Duk shekara akwai haraji baht 100 da inshorar dole, Por Ror Bor, baht 323 da 'yan kai ga wannan girman inji. Babur in ya cika shekara 5 sai an kai shi wurin dubawa mai suna Tor Ror Or kafin a karɓi haraji, kuma yawancin waɗannan wuraren suna haɗa maka duka uku a zama ɗaya. Shekarar da ke jikin takardar haraji ta Buddha ce, ana cire 543: 2568 ita ce 2025. Baƙi da yawa sun yi ta yawo da matacciyar takarda saboda ba su san wannan ba. In aka yi shekara 3 ba a biya ba, lambar ta mutu. Inshorar tana biyan magani har baht 30,000 ba tare da tambayar wa ke da laifi ba, tana kai 80,000 ga wanda aka tabbatar ba shi da laifi. Ba ta gyara babur, ba ta biyan motar da ka buga.

Lasisin mota ba ya tuƙa babur, daban ake yinsa. Ana zuwa da takardar likita da shaidar mazauni, a gwada ido da saurin taka birki, a amsa tambayoyi 50 a ci 45, sannan a hau wani siririn dakali mai tsawon mita 15 a hankali ba tare da sauke ƙafa ba. Na farko na shekara 2 ne, sannan na 5. A ƙauye babu mai tambayarka, yara 'yan firamare ma suna tuƙi uku-uku ba hular kwano. Kada wannan ya ruɗi baƙo. Kamfanin inshorar lafiya yana iya ƙin biya in ba lasisi, tarar rashin hular kwano kuma tana kai baht 2,000. Hular da dila ke bayarwa kyauta ba ta da kauri, a sayi mai rufe haɓa.

Hannun hagu ake bi, kuma wanda ya taso da hannun dama yakan manta ne daidai lokacin fitowa daga gida ko daga gidan mai, sa'ad da titi ba kowa. Duk da haka za ka yi ta haɗuwa da masu tahowa a gefenka. A Nuwamba da Disamba manoma suna shanya shinkafa a kan kwalta bisa shuɗiyar raga, wani lokaci a bayan kwana. Daga Disamba zuwa Maris manyan motocin rake ke cin titi, suna zubar da kara da laka. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, jar ƙasa tana zama kamar sabulu, a bi ta da giya ta biyu, birkin baya kawai, ƙafafu a shirye. Da magariba ake koro shanu da ɓauna gida, taraktoci ba fitilar baya, ga waɗanda suka sha barasar shinkafa tun la'asar. Fitilar Wave ba ta isa wannan duhun ba. A kwanakin bikin Songkran, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ana watsa wa mai babur bokitin ruwa yana cikin gudu, gara a ajiye shi. In tsautsayi ya faɗa, 1669 ita ce lambar motar asibiti. In da ɗan ƙauyen ne aka yi karo, a kira mai unguwa, phu yai ban, kuma kada a ɗaga murya ko da kai ke da gaskiya, domin a can wanda ya fara ihu shi ake gani da laifi, ga shi gobe a shago ɗaya za ku sayi ƙanƙara.

Akwai inda Wave ba ya kai wa. Dogon mutum gwiwarsa tana taɓa robar gaba, bayan kilomita 40 kujerar tana gallabar baya. Shok ɗin baya an yi shi ne don jikin mutanen ƙasar, mai kilo 90 da goyo zai ji yana dukan ƙasa, sai an canza mai tauri. Kilomita 60 zuwa 70 a awa shi ne jin daɗinsa. A babban titin Mittraphap, inda tireloli ke wucewa da iska, ba wurinsa ba ne. Akwatin ƙarƙashin kujera rigar ruwa da takardu kawai yake ci, don haka a sa kwando a gaba, amma kada a loda masa fiye da kilo 3, yana rufe hannu a kwana. Keken gefe da ake liƙa masa don ɗaukar buhun taki yana lanƙwasa jikin babur, kuma bai dace da rajistar babur ɗin ba.

Farin jininsa ya sa ɓarayi ma suna sonsa, musamman a lardunan bakin iyaka. A cikin ƙauye mutane suna barin makulli a jiki, amma a kasuwar gunduma a kulle kai, a ƙara kwaɗo a faifan birki. Maƙwabta kuma za su zo aro, kuma hanawa kai tsaye tana da nauyi a wurinsu. Hanya mafi sauƙi ita ce makulli ya zauna a aljihu, in an tambaya ka ce bari ka kai mutum da kanka.