Hattara da mai tallar tsofaffin alƙaluman nan a intanet

Jama'a dan Allah a yi hattara, akwai wani da yake tallar tsofaffin alƙaluman tawada a intanet, ni dai ya ci kuɗina kuma har yanzu bai daina ba. Ya sa hoton Parker 51 wai na 1943 ne, wai a akwatin kakansa ya tsinta, hoto ɗaya tal daga nesa murfi a rufe, ni kuma kwaɗayi ya rufe min ido na tura kuɗi ban tambayi komai ba.

Da alƙalamin ya iso na kwance gangar jikinsa sai ga robar tawada irin ta matsawa a cikin kwanson ƙarfe. Wallahi nan take jikina ya yi sanyi. Parker 51 a 1941 ya fito, kuma na shekarun farkon nan duk Vacumatic ne, ka kwance ɗan murfin gindi ka riƙa danna famfo yana zuƙar tawada. Mai matsawa, wato Aerometric, sai 1948 aka fara shi, to ta ina na 1943 zai zo da shi? Sannan a lokacin Parker suna buga lambar shekara a jikin gangar kusa da rubutun MADE IN U.S.A., lamba ɗaya da ɗige-ɗige a gefenta, ɗigo uku na nufin wata ukun farkon shekara, duk bayan wata uku a rage ɗaya. Na haska tocila na juya na juya, babu 3 babu ɗigo, sumul. Murfin kaɗai ne na gaske, shi ma girgiɗi yake bai zauna daidai ba. Gangar ta Hero 616 ce ɗan Chaina, bakin ma ƙarfe ne ba zinare ba. Hero ɗin ba ruwansa fa, yana rubutu lafiya lau, amma ai ba shi na biya ba.

Na yi masa magana ya ce wai haka ya gada, daga nan ya yi bulokin ɗina.

Jiya na sake ganinsa da wani suna, hannun da teburin da ke hoton duk irin na hoton farko ne, yanzu Montblanc 149 yake talla wai na 1960, har yana nuna siriyal lamba a zoben saman murfi wai shaida ce, alhali sai 1991 Montblanc suka fara buga ta. Duk wanda ya yi maka tayi ka ce ya kwance gangar ya ɗauko rubutun jikinta daf da daf a bidiyo kafin ka tura ko sisi.