Abin da ya kamata a saya kafin a ɗauke wuta ana tsakiyar sanyi a Amurka

Wanda ya kwana a Houston a tsakiyar Fabrairun 2021 ba sai an ba shi labari ba. Sanyi ya durƙusar da tashoshin lantarkin jihar Texas, gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 suka shiga duhu, wasu har kwana uku ko huɗu. Daga baya hukumar lafiyar jihar ta ce mutum 246 suka rasu. Ni da mai ɗakina da yaranmu biyu dare biyu muka yi a falo, kowa ya yi magana sai ka ga tururi na fita daga bakinsa. Tun daga nan, duk ɗan'uwan da ya tambaye ni abin da zai tanada, nakan fara masa da mai arha.

A gida idan hunturu ya kankama, garwashi ake zubawa a kasko a shiga da shi ɗaki. A can ma yana kisa, balle nan da ake toshe kowace kafa ta gida don kada ɗumi ya fita. Gawayi da gas da kananzir da fetur duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take fara sawa, sai jiri, sai barcin da ba a farkawa. Wasu daga cikin mamatan Texas ita ta kashe su, a ƙoƙarinsu na jin ɗumi. Saboda haka abu na farko shi ne ƙararrawar da ke gano wannan iska, mai aiki da batir. Ta dala 20 zuwa 30 ta wadatar, a ajiye ta kusa da inda ake kwana. Wanda bai da ita kada ya kunna komai mai wuta a ɗaki.

Na biyu, kayan da ke riƙe ɗumin jiki. Jakar barci irin ta masu kwana a daji, wadda aka rubuta mata digiri 0 a ma'aunin Amurka, wato 18 ƙasa da sifili a namu, ta fi barguna uku. A haɗa da safar ulu, hular sanyi da kwalbar roba ta ruwan zafi. Mu abin da ya cece mu ƙaramin tanti ne da muka kafa a tsakiyar falo, muka shimfiɗa katifa a ciki, muka cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa. Ɗumin jikin mutum huɗu ya isa ya sa yara barci. Waɗannan kaya ba sa shan mai, kuma mai gidan haya ba zai hana ka su ba.

Sai a zo kan hita, inda mutane suka fi ruɗewa. Ta gas ɗin furofen ƙarama, irin Mr. Heater Buddy, an yi ta ne don a iya kunna ta a ciki: tana mutuwa da kanta idan ta faɗi ko iskar shaƙa ta ragu a ɗakin. Matsalarta ci. Ƙaramar silinda mai ɗaukar gas mai nauyin fam 1 takan yi kamar awa 3 idan an ƙure wuta, awa 5 da ɗoriya idan an rage, don haka kwana biyu na neman silinda da yawa. Ta kananzir babba, mai da'ira, ta fi ta zafi nesa ba kusa ba, cikin tanki ɗaya yakan kai awa 8 zuwa 12. Amma tana wari lokacin kunnawa da kashewa, sai an samo kananzir mai lamba 1-K, kuma a waje ake zuba mata mai bayan ta huce. Ni ga mai ƙananan yara na fi son ta gas. Kowacce ka ɗauka, a ɗan buɗe taga, a nisanta ta da labule da katifa da mita ɗaya, a kashe kafin barci. 'Yan'uwanmu na Bronx da Harlem kuma su sani, dokar birnin New York ta haramta duka biyun a cikin gida.

Babban batirin ajiya, irin su Jackery da EcoFlow, yana burge mutane don ba shi da hayaƙi. Sai dai a yi lissafi. Hitar lantarki wat 1,500 take ja, batirin da ke ɗaukar wat 1,000 na awa ɗaya ba zai riƙe ta ko minti 40 ba. Bargon lantarki na mutum ɗaya kuwa kamar wat 100 yake ja, wannan batirin zai kai shi kusan asuba, ga cajin waya da fitila. Idan bargo za ka haɗa masa, sayensa ba asara ba ne.

Janareta na mai gidan kansa ne da ke da fili. Amfaninsa a nan, hitar gida mai gas ma ba ta tashi sai fankarta ta samu lantarki, ƙaramin janareta kuma zai iya juya ta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ajiye shi a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, gareji ko a buɗe yake bai halatta ba. Haɗa shi da wayoyin gida aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, domin haɗin ganganci yakan mayar da wuta kan layi ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke.

Ɗan haya ya tsaya a ƙararrawa, jakar barci da tanti, in da hali ya ƙara batir da bargon lantarki. Mai gida ya ɗora hitar gas, janareta ya zo daga ƙarshe. A saya tun Oktoba a gwada kunnawa, don ranar da aka yi hasashen guguwa kantuna wayam ake samunsu. Idan kuma akwai jariri ko tsoho kuma ɗakin ya ƙi ɗumi, a kira 211, lambar wayar neman taimakon jama'a, a tambayi cibiyar jin ɗumi mafi kusa tun hanya ba ta rufe ba.